Ƙarni guda da saukar jirgi a Kano: Ina tsofaffin jiragenmu suka shiga?

A ranar Lahadi 1 ga watan Nuwamban 1925, jiragen sama uku na rundunar sojin saman Birtaniya suka sauka a filin wasan dawaki da ke wajen ganuwar birnin Kano. Daga wannan tafiya ce ake fara ƙirga tarihin zirga-zirgar jiragen sama a Najeriya.

Sarkin Kano Usman ne ke kan karagar mulki a lokacin. Ƙasar Gumel kuwa, wato yankin da a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a Jihar Jigawa, tana cikin Lardin Kano. Saboda haka wannan tarihi na mutanen Jigawa ne kamar yadda yake na Kanawa.

Sai dai duk wanda ke son ganin jirgi na asali irin waɗanda suka sauka a ranar, dole ya nemi biza ya tafi Landan, domin a can ne guda ɗaya da ya rage yake ajiye.

A ƙasashe da dama ana adana tsofaffin jirage, ana gyara su, har a riƙa tashi da su a gaban dubban 'yan kallo. Wanda ya ɓace baki ɗaya kuma sai a ƙera kwafinsa. Yaya suke yin haka, kuma me ya hana mu?

Jirgin katako da ƙyalle

Jiragen nan uku ƙirar DH.9A ne, waɗanda aka fara ƙerawa a Ingila gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda ya saba ganin jirgin alhazai zai yi mamakin yadda suke.

Ƙashin jikin jirgin katako ne, an ɗaure shi da wayoyin ƙarfe, sannan aka lulluɓe mafi yawansa da ƙyalle. Ana shafa wa ƙyallen wani irin fenti da ke sa shi ya ɗame kamar fatar ganga. Fuka-fukansa hawa biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, kuma faɗinsu daga wannan gefe zuwa wancan ya kai kimanin mita 14.

Mutum biyu kawai yake ɗauka, kuma babu rufi a kansu, iska da rana da ƙura duk a jikinsu suke ƙarewa. Injinsa ƙirar Amurka ne mai suna Liberty, mai ƙarfin doki 400, kuma iyakar gudunsa bai cika kilomita 200 a awa guda ba. Idan za a ratsa hamada da irinsa, akan ɗaura masa tayar safaya da salkar ruwa a jiki, kamar motar kasuwa.

Jagoran tafiyar shi ne Arthur Coningham. Sun tashi daga Helwan, kusa da birnin Alƙahira na Masar, a ranar 27 ga Oktoba. Suka bi ta Khartum da El Obeid da El Fasher a Sudan, suka shiga Chadi ta Abeche da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yanzu, sannan Maiduguri, sai Kano.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ita ce kakanninmu ke bi zuwa aikin Hajji a ƙafa ko a kan jaki da raƙumi, a shafe watanni ko shekaru, wasu ma su yada zango a Sudan su zauna ke nan. Jiragen katakon nan sun cinye ta a cikin kwana shida.

Shekara 14 kacal kafin nan, a 1911, jirgin ƙasa ya iso Kano. Bahaushe da ya san jirgi a kan ruwa ya riga ya ara wa na dogo sunan, don haka da na uku ya zo ta samaniya bai wahalar da kansa ba, ya ce jirgin sama.

Guda ɗaya da ya tsira

An ƙera DH.9A kusan 2,000 a Ingila. Wanda ya rage a yau, mai lamba F1010, yana gidan adana kayan tarihi na sojin saman Birtaniya da ke unguwar Hendon a Landan. Ba ya cikin ukun da suka zo Kano, amma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Tarihinsa abin ji ne. Yana cikin jiragen da Nizam na Hyderabad, wani basarake Musulmi a Indiya, ya biya kuɗinsu a lokacin yaƙi. A watan Oktoban 1918 ya yi saukar dole a hannun Jamusawa, suka kai shi gidan tarihi a Berlin. Da ruwan bama-bamai ya tsananta a Yaƙin Duniya na Biyu aka kwashe shi zuwa gabas, ya ƙare a birnin Krakow na ƙasar Poland.

A 1977 Birtaniya ta bayar da jirgin yaƙi ƙirar Spitfire aka yi musaya, ta karɓo gangar jikinsa, aka ƙera masa sababbin fuka-fukai.

Akwai kuma labarin yayansa, ƙirar DH.9. Wajen shekarar 2000 aka kwaso ragowar irin waɗannan jirage daga fadar Bikaner a Indiya, inda suka shafe shekaru da dama a ɗakin da a da ake ɗaure giwaye. Gara ta yi musu mummunar ɓarna. Duk wanda ya taɓa ajiye azara ko buhun gero a ƙasa ya san abin da gara ke iya yi.

Duk da haka masu gyara a Ingila suka zauna a kansu shekara da shekaru. An kammala ɗaya aka ajiye a gidan tarihi na Duxford, ɗayan kuma ya sake tashi sama a 2019, bayan fiye da shekara 100 da ƙera shi.

Hawan sallar tsofaffin jirage

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar bikin nunin tsofaffin jirage ita ce a kwatanta shi da hawan sallah. Babu wanda ke zuwa yaƙi da sulke da lifidi a yau, amma duk shekara a Gumel da Haɗeja da Kazaure ana fito da su, a yi wa dawaki ado, a busa kakaki, yaro ya ga yadda kakanninsa suka rayu. Haka Turawa ke yi da jiragensu.

A ƙauyen Old Warden da ke Ingila akwai wani fili mai ciyawa, inda ake ajiye tarin jiragen Shuttleworth. Wani matashi mai suna Richard Shuttleworth ne ya fara tara su. Ya rasu a haɗarin jirgi a 1940, sai mahaifiyarsa ta mayar da dukiyar gidauniya domin tunawa da shi.

A nan ne ake samun jirgin da ya fi kowane tsufa a duniya cikin waɗanda har yanzu ke iya tashi, wato Bleriot XI na shekarar 1909. Irinsa ne Bafaranshen nan Louis Bleriot ya tsallake tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da shi a watan Yulin wannan shekara.

Ba a wasa da shi. Sai da yamma liƙis, idan iska ta kwanta, ake fito da shi. Ya ɗan ɗaga sama kaɗan, ya miƙe a kan fili, ya sauka. Mutane kan biya kuɗi su jira yini guda domin wannan ɗan tashin, kuma idan iska ta ƙi kwanciya haka za su koma gida ba su gani ba.

A Faransa ana yin irin wannan biki duk shekara a La Ferte-Alais, kudu da birnin Paris. Mafi girma kuwa shi ne na garin Oshkosh a jihar Wisconsin ta Amurka, wanda ake yi a ƙarshen watan Yuli. Jirage kusan 10,000 ke sauka a yankin, 'yan kallo kuma su haura rabin miliyan. A wannan makon, babu filin jirgin da ya kai na wannan ƙaramin gari yawan sauka da tashi a duniya.

Ƙungiyar da ke shirya bikin na Oshkosh tana da wani shiri da ta fara a 1992, inda matuƙa jirgi ke ɗaukar yara kyauta su zaga da su sama. Yaran da suka amfana sun haura miliyan biyu. Daga cikin irinsu ake samun matuƙa da injiniyoyin gobe.

Na asali, na gyara da na kwaikwayo

Ba duk tsohon jirgin da aka gani a biki ne tsoho na gaskiya ba. Masu harkar sun kasa su gida uku.

Na farko shi ne na asali, wanda mafi yawan jikinsa na tun ranar da aka ƙera shi ne. Irin wannan ba shi da yawa, kuma galibi a ɗaki ake ajiye shi.

Na biyu shi ne wanda aka farfaɗo da shi daga tarkace. Misali, wani Spitfire mai lamba N3200 ya faɗi a bakin teku kusa da Calais a Faransa a watan Mayun 1940, yashi ya binne shi. An tono shi a 1986, ya sake tashi a 2014. Ƙarfen da ya shekara 46 a cikin yashi da ruwan gishiri ba zai iya ɗaukar mutum zuwa sama ba, don haka kusan komai sabo aka yi. Abin da ke riƙe da sunansa shi ne lambarsa da tarihinsa.

Masana na yawan jayayya a kan ko irin wannan ya cancanci a kira shi na asali. Tambayar ta yi kama da ta gidan ƙasa na gado: an sake yaɓe ba adadi, an sauya azara, an ɗaga katangar da damina ta kayar, amma kowa a unguwa ya san gidan wane ne. Kasuwa dai ta yanke nata hukuncin, domin wani Spitfire da aka tono a wannan gaɓar teku aka kuma gyara, an yi gwanjonsa a Landan a 2015 a kan fam miliyan uku da ɗoriya.

Na uku shi ne kwafi, wanda aka ƙera sabo fil bisa zanen na da. Biyu daga cikin jiragen da ke tashi a Old Warden an ƙera su ne domin wani fim na 1965. A New Zealand kuma akwai kamfanin The Vintage Aviator, na fitaccen mai shirya fina-finai Peter Jackson, wanda ke ƙera jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu har da injinansu, yana bin ainihin zanen da aka yi amfani da shi shekara 100 da suka wuce.

Kwafi na iya yin abin da ba za a yarda na asali ya yi ba. A 1999 wani kwafin jirgin Vickers Vimy ya tashi daga Ingila har birnin Cape Town, domin maimaita tafiyar da wasu matuƙa biyu 'yan Afirka ta Kudu suka yi a 1920. A ƙarshen 2016 kuma ayarin tsofaffin jirage masu fuka-fukai hawa biyu ya taso daga tsibirin Crete, ya sauka kusa da dalar Giza a Masar, aka ɗan tsare shi a Gambela ta ƙasar Habasha, sannan ya ƙarasa Afirka ta Kudu.

Waɗanda suka taɓa kwana a Kano

Da yawa daga cikin jiragen da ake tafa wa a bukukuwan Turai, irinsu sun sha mai a Kano.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano, kuma daga wannan shekara ake ƙirga fara aikin filin jirgin Kano, wanda ya fi kowanne daɗewa a Najeriya. Shekara huɗu bayan haka Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe wa Birtaniya hanyar tekun Bahar Rum, ta rasa yadda za ta kai jiragen yaƙi Masar.

Sai aka tuna da hanyar 1925. Aka riƙa kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumban 1940, jirgi ƙirar Blenheim na gaba yana nuna hanya, ƙananan jiragen Hurricane na biye. Kafin ƙarshen 1943, jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya.

Wanda ya riƙa karɓar da yawa daga cikinsu a fagen daga kuwa shi ne Coningham ɗin nan da ya fara sauka a Kano, domin a 1941 aka ba shi jagorancin sojin saman da ke yaƙi a hamadar Masar da Libiya.

Ba masauki kawai Najeriya ta bayar ba. An tara kuɗin taimakon yaƙi daga larduna, har aka raɗa wa rukuni na 91 na sojin saman Birtaniya, mai amfani da jiragen Spitfire, sunan Najeriya.

A yau Hurricane da ke iya tashi ba su kai 20 ba, cikin fiye da 14,000 da aka ƙera. Blenheim kuwa guda ɗaya ne tak, yana Duxford. Hancinsa ma ya tsira ne saboda bayan yaƙi wani ma'aikacin kamfanin da ke ƙera su ya saye shi, ya mayar da shi ƙaramar mota mai aiki da lantarki, ya yi shekaru yana hawa.

Bayan yaƙi Kano ta zama babban zangon jiragen da ke tsallake Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka. Hotunan shekarun 1950 na nuna wani mai busa a kan raƙumi a filin jirgin, wanda ke sanar da jama'a cewa jirgi na tafe.

Kuɗi da haɗari

Harkar ba ta da araha, kuma ba ta rasa haɗari. Kayan gyaran injin da aka daina ƙerawa tun shekara 70 ko 80 sai dai a sa a yi su ɗaya bayan ɗaya. Kowane sashe yana da adadin awannin da zai yi aiki kafin a kwance shi a duba. Ga kuɗin inshora, ga kuma ƙarancin matuƙan da suka iya sarrafa jirgin da ba shi da kwamfuta ko ɗaya.

A watan Agustan 2015, wani jirgin yaƙi na shekarun 1950 ƙirar Hawker Hunter ya faɗa kan babban titi yayin biki a Shoreham da ke Ingila, mutum 11 suka mutu. Bayan haka hukumomi suka tsaurara dokokin irin waɗannan bukukuwa.

A watan Agustan 2018 wani jirgi ƙirar Junkers na 1939 da ke yawo da masu buɗe ido ya faɗi a tsaunukan Switzerland da mutum 20. A watan Nuwamban 2022 kuma jirage biyu na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu suka yi karo a sama a birnin Dallas na Amurka, mutum shida suka rasu.

Shi ya sa ra'ayi ya rabu biyu. Wasu na ganin jirgin da ya rage guda ɗaya bai kamata a yi caca da shi ba, a ajiye shi a ɗaki, a bar kwafi ya tashi. Wasu kuma na cewa jirgin da ba ya tashi kamar kakaki ne da aka rataye a bango, sai an busa shi ake sanin ko mene ne shi.

Namu fa?

Najeriya ba ta rasa tsofaffin jirage masu tarihi ba. An kafa rundunar sojin samanta a 1964, shekarar da aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya. A watan Agustan 1967, ana tsaka da yaƙin basasa, a Kano aka sauke jiragen yaƙi ƙirar MiG daga Tarayyar Sobiyet.

Wurin da ya fi fice wajen adana irin waɗannan shi ne gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia a Jihar Abiya, wanda aka ƙaddamar a 1985. Akwai MiG-17 da Ilyushin 28 na ɓangaren tarayya, da ɗaya daga cikin ƙananan jiragen da ɓangaren Biyafara ya ɗaura wa rokoki. Akan kuma ga tsofaffin jiragen yaƙi an kafe su a ƙofar wasu barikokin sojin sama.

A Kaduna ma an taɓa harhaɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi guda 60 masu suna Air Beetle domin sojin sama, bisa zanen wani kamfanin Amurka. Matasa nawa ne a Arewa suka san an yi haka?

Ɓangaren jiragen fasinja ne ya fi yin asara. Kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958 ya kuma daina aiki a 2003, ya yi amfani da jirage iri-iri tun daga DC-3 mai farfela har zuwa DC-10. Bayansa kamfanoni masu zaman kansu da dama sun taso sun durƙushe, jiragensu suka yi shekaru a gefen filaye, rana na duka, ruwa na duka.

A 2013 hukumomi suka shiga aikin kwashe irin waɗannan gawarwakin jirage daga filayen ƙasar, bisa dalilan tsaro da kare lafiya. Dalilin mai ƙarfi ne, domin jirgin da aka yasar kan zama gidan tsuntsaye da macizai. Amma makomar yawancin irin waɗannan jirage ita ce hannun 'yan gwangwan, a yayyanka a auna a kan sikeli. Alminiyam ɗin da ya taɓa kai alhazai Jidda na iya ƙarewa a matsayin tukunyar tuwo.

Yanayinmu ma ba ya taimakawa. Zafin bazara na cinye fenti da roba, ƙurar hunturu na shiga kowace kafa, gara kuma na jiran katako. Jirgin da za a adana a nan yana buƙatar rumfa da mai kula da shi, ba a kafe shi a fili a tafi ba.

Daga jirgin kara zuwa na katako

Ga yaron da ya tashi a Sule Tankarkar ko Maigatari, jirgin sama wani farin zare ne da ke ratsa samaniya can nesa. Filin jirgi mafi kusa sai Kano ko Dutse, wanda aka buɗe a 2014, kuma ko ya raka maniyyaci, daga bakin ƙofa zai juyo.

Amma sha'awar tana nan. Bayan girbi, idan kara ya wadata, za ka ga yara sun fere ɓawonsa sun soka a cikin tsakiyarsa mai taushi, sun haɗa mota ko jirgi, har da farfelar da iska ke juyawa. Wasu da gwangwani da langa-langa suke yin nasu. A 2007 kafafen yaɗa labarai na duniya sun ba da labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarfe.

Idan aka duba da kyau, dabarar jirgin kara ba ta yi nisa da ta DH.9A ba: ƙashi mara nauyi, a ɗaure shi ya yi ƙarfi, a lulluɓe. Kwafin da zai tashi sama aiki ne na ƙwararru da lasisi da maƙudan kuɗi. Amma kwafi mai cikakken girma wanda za a ajiye a ƙasa domin kallo, aiki ne na kafinta da mai walda da tela da mai fenti, kuma babu wanda babu a Gumel.

Jigawa na da kwalejojin kimiyya da fasaha a Kazaure da Dutse da Haɗeja, ga Kwalejin Ilimi a Gumel, ga kwalejin Zariya da cibiyar fasaha ta sojin sama a Kaduna da za a iya neman shawararsu. Ma'aunin jirgin da hotunansa ba ɓoyayyu ba ne, tunda na asalin yana nan a Landan. Jirgin da za a iya kwance wa fuka-fukai a ɗora a tirela zai iya zuwa filin hawan sallah a Gumel, ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya zaga makarantun Gagarawa da Sule Tankarkar.

Wani zai ce, a yankin da ake fama da tsadar taki da ambaliya da azuzuwan da ba su da rufi, wa ke ta tsohon jirgi? Tambaya ce mai nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗauki kuɗin magani a sayi katako. Sai dai yawancin tarin jiragen da aka ambata a sama ba gwamnati ce ta fara su ba. Masu hali ne da ƙungiyoyi da tsofaffin ma'aikata da ke sadaukar da lokacinsu kyauta, kamar dai yadda masu sha'awar dawaki a nan ke ciyar da su daga aljihunsu saboda kwana biyu ko uku na sallah.

Akwai kuma abin da bai buƙatar ko sisi sai umarni: kafin a yanka tsohon jirgi na gaba, a ware guda ɗaya daga kowane iri, a miƙa shi ga wata makaranta ko gidan tarihi. Haka nan tsofaffin matuƙa da kanikawan Nigeria Airways da na Air Beetle da ke raye, a naɗi bayanansu tun suna iya bayarwa.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Yaron da aka ba labarin jirgin 1925 zai iya mantawa kafin a tashi daga makaranta. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin fiffikensa, ya ƙwanƙwasa ya ji katako ne, ya shafa ya ji ƙyalle ne, zai koma gida yana tambayar yadda aka yi wannan abu ya taso daga Masar har Kano, kuma da irin wannan tambaya ake fara zama injiniya.